Dannawa Ɗaya, Kwafi Biyu: Kundin Binciken Linzami a Ɗakin Zane

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda lissafin soket a filan ɗin wutar lantarki na hawa na biyu ya ƙi daidaita. Mai ƙididdigar kaya ya ciro adadi daga cikin fayil, injiniyan wuta ya ƙirga da ido a kan takardar da aka buga, sai na fayil ya ɗara. Da aka bi ɗaki-ɗaki, aka tarar akwai wuraren da soket biyu ke zaune daram a kan juna. A allo guda ɗaya ake gani, a takarda ma guda ɗaya. Sai an goge na sama sannan na ƙasa ya bayyana.

Na bi masu zanen ɗaya bayan ɗaya, ƙorafin ya fito kashi uku, kuma duk a kan umarnin COPY, wato na kwafa, a AutoCAD, manhajar da muke zane da ita. Na farko shi ne wannan na kwafin da ke ɓuya ƙarƙashin ɗan'uwansa. Na biyu, mutum ya kwafa abu, manhaja ta nuna ta gama, amma a nemi kwafin a rasa. Na uku, a zaɓi abubuwa a kira umarnin zaɓin ya watse, ko a danna abu na biyu na farko ya saki. Wasu sun ce linzamin kwamfuta ne, wato mouse, wasu sun ce a sake ɗora manhajar gaba ɗaya. Ban yarda da sake ɗorawa ba tukuna. In aka yi matsalar ta tafi, ba mu san abin da ya kawo ta ba, in kuma ta dawo an yi asarar yini a banza.

Ma'aunin da zan riƙe shi ne yadda umarnin ke tafiya in komai lafiya. A zaɓi abin da za a kwafa, a rufe zaɓin da Enter. A danna wurin kamu, wato inda za a riƙe abin. Sannan a danna masauki, inda kwafin zai sauka, umarnin kuma ya ci gaba da neman wani masaukin har sai an sallame shi. Maɓallin hagu ɗaya ne a duk matakan nan, amma a kowane mataki ma'anarsa dabam. Dannawar da ta zo ba a lokacinta ba ba ta faɗuwa ƙasa, matakin da ke gaba ne zai karɓe ta ya yi aiki da ita. Daga yatsa zuwa zane kuwa, dannawa tana bi ta wurare uku: makunnin da ke cikin linzami, Windows, da saitunan manhaja. Zan bi su ɗaya-ɗaya, kuma ba zan taɓa abu biyu a lokaci guda ba.

Talata, 6 ga Mayu

Na fara da ƙorafi na uku don shi ya fi sauƙi. A kwamfutar da zaɓi ke watsewa na rubuta PICKFIRST a layin umarni, ta amsa da 0. Wannan saitin shi ke ba da damar a fara zaɓar abu kafin a kira umarni. In yana 0, duk abin da ka zaɓa tun farko ba a san da shi ba, sai an sake tambayarka. Maɓallin Delete ma yakan daina goge abin da aka zaɓa, kuma mai kwamfutar ya ce ya jima yana fama da hakan bai taɓa haɗa su biyun ba. Na mayar da shi 1.

Sakin da abu na farko ke yi in an danna na biyu aikin PICKADD ne. A 0 kowane sabon zaɓi yana korar na baya, sai an riƙe Shift ake tara su. A 1 ko 2 suna taruwa da kansu, Shift kuma ya koma na cirewa. Asalinsa 2 ne. Yadda yake komawa 0 ba abin mamaki ba ne, don a saman akwatin Properties akwai wani ɗan maɓalli kusa da na zaɓin gaggawa wanda ba shi da wani aiki sai sauya wannan saitin. Mai sauri yana iya taka shi bai sani ba.

Duka biyun a rajistar Windows ake adana su, ba a cikin fayil ɗin zane ba. Shi ya sa matsalar ke zaune a kwamfuta ɗaya ko wane zane aka buɗe. Abin da ke bin fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta, irin su SNAPMODE da ORTHOMODE masu sarrafa motsin kibiya, a cikin zanen yake. Abin da ya tsaya a kujera ɗaya, a kujerar za a neme shi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Gyaran shekaranjiya ya tono ƙorafi na biyu. Tun da PICKFIRST ya koma 1, mai kwamfutar ya ce kwafi sun ƙara ɓacewa. Na ja kujera na zauna gefensa, ina kallon hannunsa maimakon allon.

Tsohon hannu ne, ya koyi zane tun lokacin da maɓallin dama ba ya komai sai Enter, kuma har yau haka ya bar shi: SHORTCUTMENU, saitin da ke sarrafa maɓallin dama, yana 0. Hannunsa ya haddace jerin: a kira umarni, a zaɓa, dama, hagu, hagu, dama. To in ya riga ya zaɓi abubuwan kafin ya kira COPY, matakin zaɓi babu shi, manhaja ta wuce kai tsaye zuwa tambayar wurin kamu. Daman da ya saba dannawa don rufe zaɓi sai ya faɗa kan wannan tambayar. Enter a nan yana nufin an amince da amsar da ke ajiye, wato Displacement. Daga nan manhaja ba wurare biyu take nema ba, nisa da alƙibla take jira a amsa ɗaya. Dannawar hagu da ta biyo baya, wadda shi a ransa wurin kamu ce, sai a ɗauki lambobin wurin a matsayin nisan da kwafin zai yi tafiya.

Zanenmu a milimita yake. In wurin da ya danna yana kan X 48250 da Y 31600, kwafin zai tashi mita 48.25 zuwa dama da mita 31.6 zuwa sama, ya sauka can bayan abin da allo ke nunawa. A zanen da aka ɗora kan lambobin safiyo, inda X ke da lamba shida a mita, Y kuma yakan kai bakwai, tafiyar ta ɗaruruwan kilomita ce ko fiye. Kwafin yana nan a cikin fayil, ana kuma ƙirga shi tare da sauran, ganinsa ne kawai ba a yi.

Akwai ƙofa ta biyu da ke kaiwa wuri ɗaya. Mutum ya danna wurin kamu, ya ga ba nan ya so ba, ya danna dama don ya fasa. A wannan matakin Enter yana nufin a ɗauki wurin farko a matsayin nisa. Nan ma kwafin ya tafi. Fasawa da Esc ake yi, ba da dama ba, kuma wannan jumlar na rubuta ta a takarda na manna a gefen allonsa da izininsa.

Shaidar ba ta da wuyar samu. Na danna tayar tsakiya sau biyu don a nuno zanen baki ɗaya, sai ginin ya koma ɗan ɗigo a kusurwar hagu ta ƙasa, can nesa kuma ga wasu ɗigogi. Ƙofofi ne da soket da wani yankin matakala. Hanyar share su ita ce a kira ERASE, a rubuta ALL, a rubuta R don cirewa, a zagaye ainihin zanen da akwati, sannan Enter. Abin da ya rage a zaɓin shi ne na wajen gari. Sai dai ALL ba ya taɓa leyar da aka kulle (leya ita ce shimfiɗar da ake ware kowane rukunin abubuwan zane a kanta), don haka sai an fara buɗe su. Kuma kafin Enter na ƙarshe a duba adadin da layin umarni ya nuna, kada a ce ɗan abu kaɗan za a goge a ga dubbai.

Na ba shi shawarar ya mayar da SHORTCUTMENU zuwa 11, asalinsa ke nan. A haka, in umarni yana da zaɓuɓɓuka, dama jerin zaɓi yake fito da shi, sai hannu ya tsaya ido ya duba. Ya ce, "Injiniya, wannan hannun ya girmi kwamfutar nan. In ka sa mini jeri a gaba, rabin saurina ya tafi." Na ce, "Gaskiyarka, Malam, ba zan taɓa shi ba." Kuma da gaske yake, na ga yadda yake gudu a zane. Akwai tsaka-tsaki, in aka ƙara 16 a kan lambar: gajeriyar dannawa ta zama Enter, riƙewa fiye da milisakan 250 ta kawo jeri. Amma wannan ba zai yi masa magani ba, tunda gajeriyar dannawar ce ke jefa shi. Abin da muka tsaya a kai shi ne ya riƙa kiran umarni kafin zaɓi kamar yadda ya saba, ya kuma kunna F12 don tambayar manhaja ta riƙa fitowa kusa da kibiya, inda idonsa yake.

Litinin, 12 ga Mayu

Yau na shiga babbar matsalar, kwafi a kan kwafi. Duk zanukan da aka same ta a ciki sun bi ta hannun wata abokiyar aikinmu, kuma ita tana cikin masu natsuwa a aiki, ba mai garaje ba ce. PICKFIRST, PICKADD da SHORTCUTMENU ɗinta duk suna inda ya kamata.

Na roƙe ta ta kwafa soket guda zuwa kusurwoyi huɗu na ɗaki kamar yadda take yi kullum, sannan na danna F2 don mu karanta tarihin umarni. Tambayar masauki ta fito fiye da adadin da ya dace da kusurwa huɗu. Manhaja ta karɓi dannawar da ita ba ta yi ba. Muka rubuta U don warware abin da aka yi, muka sake, wannan karon lafiya. Abin yana zuwa yana tafiya, shi ya sa ya daɗe ba a kama shi ba.

Wani ya ce COPYMODE ne, a mayar da shi 1 a huta. A 0, wanda shi ne asali, umarnin yana maimaita kansa. A 1 kwafi ɗaya yake yi ya fita. Ban ɗauke shi a matsayin magani ba, amma ya yi amfani wajen bincike, domin yana sa ɓoyayyen abu ya fito fili. A 0, in ƙarin dannawa ta faɗo a wurin kamu, ana ajiye kwafi a kan asalin abin, umarnin ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. In a masauki ta faɗo, kwafi biyu ne suke sauka tare. Ko ta wace hanya mai zane ba ya ganin alama. A 1 kuwa, in ta faɗo a wurin kamu umarnin ƙarewa yake yi nan take, abin bai motsa ba, sai mutum ya ga kibiyarsa ta koma hannu wofi. In a masauki ne, ƙarin dannawar tana faɗawa wajen umarni ta zaɓi wani abu ko ta fara buɗe akwatin zaɓi. Da muka gwada, duka alamun biyu sun bayyana kafin azahar ɗin aiki ta yi nisa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rawar da OSNAP ke takawa. Shi ke jan kibiya ta manne a ƙarshen layi ko mahaɗa ko tsakiyar da'ira, kuma yana kamawa ne daga tazarar fiksel 10 in ba a sauya APERTURE ba. Ko da ƙarin dannawar ta zo ne bayan hannu ya fara gusawa, muddin kibiya ba ta fita wannan tazarar ba, wuri ɗaya za a mayar da ita. Abin da ke sa aikinmu ya zama daidai shi ne ya sa kwafi biyun suka haɗu ba ko tazarar milimita. Da muka kashe shi da F3 muka sake gwaji, muka matso da zanen sosai, sai ga wani kwafin da gefensa ya yi kauri, layi biyu dab da juna.

Na mayar da COPYMODE zuwa 0. Zargi ya bar manhaja.

Laraba, 14 ga Mayu

Windows. Shawarar da kowa ke fara bayarwa ita ce a sauya saurin dannawa biyu a saitin linzami. Asalinsa milisakan 500 ne. Amma wannan lambar ba ta hana dannawa shiga, abin da take yi kawai shi ne ta yanke ko dannawa biyu da suka zo a jere za a kira su tagwaye. Ko an kira su ko ba a kira ba, umarnin da ke jiran wuri zai karɓi kowacce. Na gwada ta a ƙarshe biyu na ma'aunin don a cire shakka, babu abin da ya canza.

ClickLock, mai riƙe maɓalli bayan an ɗan daɗe ana danne shi, a kashe yake. Sticky Keys ma haka. Na duba shi ne don yana kunnuwa in an danna Shift sau biyar a jere, kuma masu zane suna yawan taɓa Shift.

Gwaji biyu ne suka raba gardama. Na farko, na sauya babban maɓalli a Windows daga hagu zuwa dama, ta yi aiki da shi a haka duk da rashin daɗinsa. Ƙarin dannawa bai sake fitowa a F2 ba. Manhaja ɗaya, direba ɗaya, waya ɗaya, makunni ne kawai ya bambanta. Na biyu, na mayar da saitin, na musanya linzaminta da na maƙwabcin teburinta. Kafin a tashi ya fara ƙorafin cewa in yana jan fayil daga wannan jaka zuwa waccan sai ya kuɓuce masa a hanya, ita kuma shiru. Matsalar ta bi linzami.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na kwance shi. Sukurorin suna ƙarƙashin 'yan robobin da yake zamewa a kansu. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan makunni mai kamar akwati, a cikinsa kuma siririn ƙarfe mai lanƙwasa wanda ke tsalle ya taɓa wani ƙarfen in an danna. Ƙarar da muke ji ke nan.

Ko sabon makunni ba ya rufuwa tsaf a karo ɗaya. Ƙarfen yana bugawa ya ɗan dawo ya sake bugawa, kamar ƙofar da aka turo da ƙarfi, cikin 'yan milisakan. Masu ƙera linzami sun san da haka, shi ya sa ƙwaƙwalwar da ke ciki take kau da kai daga duk wani motsi na ɗan lokaci bayan bugun farko. In ƙarfen ya gaji, ko tsatsa da datti suka hau bakin mahaɗar, rawar takan wuce wannan ɗan lokacin, ko kuma mahaɗar ta buɗe ta rufe alhali yatsa yana danne. Abin da ya wuce sai ya fita a matsayin sabuwar dannawa. Yatsan mutum ba ya iya danna biyu cikin milisakan 20 ko 30, amma umarnin COPY ba ya auna wannan, kuma ba aikinsa ba ne ya auna. Wutar da ke bi ta mahaɗar a linzaman yanzu kaɗan ce ƙwarai, don haka ko siririn tsatsa yana iya tare ta. Ana rubuta wa irin waɗannan makunnai miliyoyin dannawa, sau da yawa 10 ko 20, amma wannan rawar tana iya farawa tun ƙarfen bai karye ba.

Ana iya cire makunnin da dalma a sa sabo, ƙafafu uku ne kawai. Akwai kuma ƙananan manhajoji da ke tace dannawar da ta zo kusa da ta baya. Ban zaɓi ko ɗaya ba. Tacewar rufa-rufa ce a kan makunnin da kullum ƙara lalacewa yake, kuma kuskure ɗaya a lissafin kaya ya fi linzamin daraja nesa ba kusa ba. An kawo sabo mai waya. Na ba da shawarar in za a sake saye a duba masu makunnin haske, waɗanda ke aiki da katse haske maimakon haɗuwar ƙarfe, tunda su ba su da wannan rawar.

Ana cikin haka wani ya kawo akasin matsalar: shi dannawarsa ce ke ɓata, ya danna masauki kwafi ya ƙi sauka, kibiya kuma tana tsalle. Linzaminsa mara waya ne, ɗan makarɓinsa yana bayan kwamfuta manne da wayar faifan ajiya na USB 3.0. Irin wannan tashar tana fitar da hayaniya a zangon gigahaz 2.4, inda linzamin ke magana. Da aka dawo da makarɓin gaba da 'yar wayar ƙari, ya daidaita.

Litinin, 19 ga Mayu

Sabon ƙorafi daga tebura biyu: kwafi yana sauka kusa da inda aka nufa, ba a kai ba. OSMODE, lambar da ke riƙe saitunan OSNAP, ya koma 0 a dukansu. Asalin lambar 4133 ce, wato 1 na ƙarshen layi, 4 na tsakiyar da'ira, 32 na mahaɗa da 4096 na miƙa layi. F3 ba ya goge ta, 16384 yake ƙarawa a kai don a san an dakatar, in an sake dannawa ya cire. Ganin 0 tsura yana nufin wani abu ne ya rubuta shi.

Wani ɗan shiri ne na AutoLISP, harshen rubuta shirye-shirye a cikin AutoCAD, da muke amfani da shi wajen jera lambobin ɗakuna, an gaje shi daga tsohon aiki. Yana ajiye OSMODE, ya mayar da shi 0 don lambobinsa su sauka inda ya lissafa, ya dawo da shi a layin ƙarshe. In aka katse shi da Esc a tsakiya, ba ya isa layin ƙarshen. Ya yi haka da PICKFIRST ma, wanda ya bayyana mini abin da na tarar ranar 6 ga wata. Na ƙara masa sashen da ke kama katsewa ya mayar da saitunan kafin ya fita.

Na kuma kunna SYSVARMONITOR, wanda ya zo tun fitowar 2016, na tabbatar PICKFIRST, PICKADD da COPYMODE suna cikin jerin da yake gadi. In ɗayansu ya sauya yana sanarwa, kuma da dannawa ɗaya ake mayar da su. OSMODE ban sa shi ba da gangan. Kowace dannawar F3 sauya shi take yi, gargaɗin zai yi yawa har mutane su daina karantawa.

Laraba, 21 ga Mayu

Ƙananan abubuwa biyu. Masu sabon shiga suna cewa wani lokaci maimakon akwatin zaɓi sai wani zagaye mai karkace ya fito ya kwaso abin da ba su nufa ba. Zaɓin zarge ne, wanda aka ƙaro a fitowar 2015, yana tashi in an danne hagu ana ja. Yana cikin PICKAUTO, asalinsa 5. Wanda hannunsa ke motsi yayin dannawa ya mayar da shi 1.

Na biyun shi ne masu kwafa da Ctrl da C a cikin zane ɗaya. Wannan ba ya tambayar wurin kamu, kusurwar hagu ta ƙasa ta abin da aka zaɓa yake ɗauka, sai a zo liƙawa abu yana lilo nesa da kibiya a ce linzami ne. In dole sai ta wannan hanyar, a haɗa da Shift don ya tambayi wurin kamu. In daga zane zuwa zane ne masu lambobi iri ɗaya, PASTEORIG, mai liƙa abu a kan lambobinsa na asali, ya fi.

Talata, 27 ga Mayu

Sabon linzami bai kawo ko ƙarin dannawa ɗaya ba tun da aka sa shi. Saura ɓarnar da aka riga aka yi, kuma ita ce aikin da ya fi nauyi.

OVERKILL shi ne umarnin da ke goge abin da ya hau kan irinsa. Na gudanar da shi a kan kwafin fayil, ba a kan asali ba, kuma leya-leya, ba zanen duka a lokaci guda ba. Dalilina shi ne ba goge tagwaye kaɗai yake yi ba. In aka bar zaɓuɓɓukansa a kunne, yana haɗe layukan da ke kan miƙa ɗaya waɗanda suka ɗan hau juna ko suka haɗu baki da baki, yana kuma gyara layukan da ke da gaɓoɓi. A filan ɗin wuta akwai wayoyi biyu na da'ira dabam da ke bin bango ɗaya na ɗan nisa, haɗe su kuskure ne. Na kashe waɗannan, na bar gogewar tagwaye kawai. Ban kuma ce ya yi watsi da leya ko launi wajen kwatantawa ba, saboda akwai inda aka ɗora alama a kan alama da niyya, kowacce a leyarta.

Masu fitowar 2022 zuwa sama suna da COUNT, wanda ke ƙirga bulok, wato alamomin da aka dunƙule wuri ɗaya irin na soket, yana kuma nuna waɗanda suka hau juna ba tare da ya goge ba. Na fi son a fara da shi, a gani da ido tukuna. Na kuma kunna SELECTIONCYCLING a duk teburan, da Ctrl da W. Yanzu in kibiya ta hau wurin da abu ya fi ɗaya, wata 'yar alama tana fitowa kusa da ita, in an danna kuma a ga jerinsu. Da yana kunne tun farko, da an ga wannan abu da wuri.

Talata, 3 ga Yuni

An tsabtace zanukan aikin da ke hannu, an sake ciro adadi, an tura wa mai ƙididdiga da bayanin abin da ya sauya. Na fitar da saitunan kowane tebur zuwa fayil ɗin ARG ta akwatin OPTIONS, kowa da nasa, har da na Malam mai SHORTCUTMENU a 0, don in wani abu ya sake rikicewa a dawo da su cikin minti ɗaya.

Abu biyu ba su ƙare ba. Ba a san ranar da makunnin ya fara rawa ba, don haka zan koma baya a zanukan da ta taɓa, daga na kusa zuwa na nesa, har sai na isa inda tagwaye suka daina fitowa. Waɗanda aka riga aka miƙa wa masu gini su ne a gaba.

Na biyun ya fi wuya. Tazarar da OVERKILL ke yafewa ƙanƙanuwa ce ƙwarai a asali, don haka tagwayen da suka sauka lokacin da OSNAP ke kashe, ko a makonnin da OSMODE ke 0, sun tsira, tunda akwai 'yan milimita a tsakaninsu. In na ɗaga tazarar zai fara cin layukan da ke kusa da juna bisa ƙa'ida, irin su kaurin gilashin taga da firam ɗinsa. Na fara rubuta ɗan shiri da zai bi bulok masu suna ɗaya, ya auna tazarar wuraren da aka dasa su, ya zana jan da'ira a wata leya ta dabam a duk inda biyu suka yi kusa fiye da kima. Ba zai goge komai ba, mutum ne zai duba ya yanke. Na sa iyakar a milimita 50 don gwaji. Sai na zauna da injiniyan wuta ya faɗa mini mafi ƙarancin tazarar da yake bari tsakanin soket biyu da ya jera da niyya, kafin in tsayar da lambar.